Buba mahauci ya zo har ƙofar gidanmu

Jama'a, yau mutumin da ke rikiɗa kura a littafina ya yi mini sallama.

Kun san labarin da nake saki a guruf ɗinmu na waya, na Buba mahauci mai zama kura yana cin mutane. Wallahi ƙirƙirar sunan kawai na yi. To da hantsi ina wanki aka ce ana nemana a waje. Na zura hijabi na leƙa, sai ga wani dattijo riƙe da keke, wai daga unguwar Digil yake.

Ya ce, "'Yata, ke ce mai littafin kura?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "To ni ne Buba, kuma fawa nake yi."

Ashe labarin ya kai unguwarsu, har mata sun daina sayen namansa. Jikarsa ma jiya da kuka ta dawo daga makaranta, wai ana ce mata jikar kura.

Na ba shi haƙuri, na ce yau ɗin nan zan canza sunan.

Ya girgiza kai. "A'a, kowa ya riga ya ji. In kin canza, cewa za su yi na zo na tsorata ki. Ki bar Buba. Amma a gaba ki sa a gano ba shi ne kurar ba, shi ne ma zai kama ta."

Ya hau kekensa, sai ya waigo. "Kuma ki rubuta cewa namansa na da kyau."