Inna Sista, wadda ta koya wa Babana haɗiya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina shirin shanya wanki da safen nan aka kira ni daga Sabuwa, aka ce Inna Sista ta rasu. Har yanzu kayan suna cikin bokiti.

Kun san ba na rubutu a nan, naku nake karantawa in wuce. Yau dai ku yi haƙuri da ni.

Hajiya Dije sunanta. Nas ce a asibitin Ƙanƙara a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, lokacin da kowane ma'aikaci ya sayi sabon babur da rediyo mai kaset. Ni kuwa ina fom uku a makarantar kwana, irin yarinyar da ko malami ya kira sunanta sai muryarta ta maƙale.

Na dawo garinmu Ƙetare hutu, na tarar ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Ko ruwa aka ba shi sai ya sarƙe shi, ya yi ta tari har idanunsa su yi ja.

Masu dubiya ba sa yankewa, kuma kowa yana son ladan shayar da mara lafiya da hannunsa. Kawu Sani ya zo daga Kaduna da katan na lemun kwalba da madarar gwangwani. Baba yana kwance za a tallabe kansa, a ɗaga haɓarsa, a ɗura. Ya sarƙe, a yi masa sannu, na gaba ya karɓi kofi.

Da ya gaji sai ya datse haƙoransa. Ya daina karɓar komai daga hannun kowa. Kullum ramewa yake yi. Na ji dattawa a zaure suna cewa a fara aika wa dangi na nesa.

Kawu ne ya ɗauko Sista a bayan babur wata ranar kasuwa. Ta dubi katan ɗin nan ta ce, "Alhaji Sani, wannan dukiya haka? Raba ma yara su sha, su yi maka addu'a."

Sai ta durƙusa gaban Baba. Ta taɓa aiki a wani babban asibiti a Zariya, a ɗakin masu irin wannan ciwo. Ta ce, "Malam, maƙoshinka bai mutu ba, mantuwa ya yi. Ruwa ya hi shi sauri, shi ya sa yake bin hanyar numfashi. Za mu tuna mashi aikinshi sannu a hankali."

Ta ce tana son mutum ɗaya da zai riƙa ba shi abinci kullum. Iya, mahaifiyata, tsoron ba shi take yi tun ranar da ya sarƙe a hannunta. Sai Sista ta nuna ni.

Iya ta ce, "Sista, ai ɗiyar hwari ce. Ko sunanta bai taɓa hwaɗi ba."

Gaskiya ta faɗa. Tun da aka haife ni "yarinyar nan" nake a bakinsa. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba.

Sista ta ce, "To kunyar ce za ta ciyar da shi? Ke 'yar boko, wanko hannu ki taho."

Ta jingina shi da bango ya zauna sosai. Ta saki labule, ta ce masu dubiya su jira a zaure. Ta sa aka dama kunu mai kauri, wanda yake kama bayan cokali. Ƙaramin cokalin shayi, ta gefen hagu mai lafiya. Haɓa ƙasa, wajen ƙirji, kafin ya haɗiye. Sannan ta kama yatsuna biyu ta ɗora a maƙogwaron mahaifina, ta ce in ji ya hau ya sauka. Bayan kowace haɗiya kuma sai ya yi magana. In murya ta fito fes, a ƙara. In tana kurkur kamar da ruwa a ciki, a tsaya ya yi tari.

Na miƙa cokalin farko kaina a sunkuye.

Ta ce, "Zulai, bakin Malam ba a tabarma yake ba."

Baba ya yi wani sauti. Ashe dariya ce. Haƙoran suka buɗe, ya karɓi kunun. Na ji maƙogwaronsa ya motsa a ƙarƙashin yatsuna, ya hau, ya sauka. Ya ce, "Uhm."

Rubutun da Liman yake aiko masa ma ba ta hana ba. Da kanta ta je ta gaishe da Liman, ta tambaya ko ya halatta a zuba a cikin kunu. Ya ce babu laifi.

Duk ranar da ta zo sai ta ɗiga masa zuma a gefen baki, ta ce ya laso da harshe. Ita ma ta zaro nata harshen tana nuna masa, babbar mace da farin kaya. Ba ta taɓa barin a yi masa dariya shi kaɗai ba.

Gab da ƙarewar hutu muka kai ga tuwo mai laushi, an dame shi da miyar kuka. Ya haɗiye loma, ina jiran "uhm" ɗin da na saba. Sai ya ce, "Zulai. Ƙaro."

Muryar fes take.

Iya tana bakin ƙofa, ta rufe fuskarta da mayafi. Ni dai na ƙaro.

Baba ya yi shekaru bayan nan. Da sandarsa yake zuwa gona, shi ya ɗaura mini aure. Sunan dai bai sake faɗa ba har ya koma ga Allah.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce na je Sabuwa, inda Inna Sista ta koma da zama, don in duba ta, duk da ana ta hana ni saboda halin da hanya take ciki. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, ita ma ruwa ya fara sarƙe ta. Na shiga madafi na dama mata kunu mai kauri. Ta laluba ta kamo yatsuna ta ɗora a wuyanta.

"Mu gani ko 'yar boko ta manta."

Ta sunkuyar da haɓa, ta haɗiye. Ta ce, "Zulai." Sannan ta tambaya, "Murya ta hita?"

Na ce ta fita, Inna.

"To mi kike jira? Ƙaro."

Ya Allah, kamar yadda ta zauna gaban bayinka marasa ƙarfi ba ta ƙosa ba, Ka shayar da ita daga Alkausara, shan da babu sarƙewa a cikinsa. Ka yafe mata, Ka haskaka kabarinta, Ka haɗa ta da Babana a Aljanna.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa ɗaya ce, ya ambaci sunanta. Hajiya Dije.