Ranar da Saratu ta ɗauki jakarta

A ƙofar jami'a na tarar da Saratu da jakarta, tana tsayar da adaidaita sahu. Sabuwar ɗaliba ce daga Miga, cikin waɗanda aka damƙa mana mu 'yan ajin ƙarshe mu kula da su.

Na ce, "Ina zuwa da kaya haka?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaya Binta, gida zan koma. Turancin nan ya fi ƙarfina. Yau na yi tambaya, ajin duk suka sa dariya."

"Maimaita mini ita da Hausa."

Ta maimaita. Na ce, "Wanda bai gane darasi ba, ba zai iya wannan tambayar ba. Kanki ja yake, bakin ne bai saba ba. Kawo jakar."

Tun ranar, kullum bayan la'asar takan yi mini bayanin darasi da Hausa, sannan ta juya shi Turanci.

Jiya ita ta yi bayani gaban aji a madadin rukuninsu. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Sabon shiga ba wauta ke damunsa ba, baƙunta ce. Ku wa ya riƙe hannunku a shekarar farko?