Agugu Ba Shi da Iri

La'asar sakaliya ce, ranar Alhamis, a rumfarmu ta kasuwar Maigatari. Mu uku ne: ni, da yayana mai sayar da magani, da wani tsohon falke da ke kawo mana kaya daga Adamawa. A lokacin, Turawa ba su daɗe da shata iyakar da ta raba mu da Damagaram ba.

Cikin kayansa akwai agugu, wata busasshiyar saiwa da ake dakawa a ba mai tsila, wato tsutsar ciki, ya sha. Daga Gumel har Sule Tankarkar kowa ya san sunan, amma babu wanda ya taɓa ganin ganyen. Ni kuwa sunan bai taɓa yi mini kama da Hausa ba, don haka na tambayi tsohon inda aka samo shi.

Ya ce, "Malam, bari in bi da kai daki-daki. Da fari, a inuwar duwatsu yake fitowa, inda danshi ba ya yankewa. Sannan ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Wani gari-gari ne a bayan ganyen, iska ke kwashe shi. Shi kuwa sunan, mutanen kan dutse..."

Yayana ya katse shi. "Baba, bar zancen suna. Irinsa nake so, in shuka a bakin rijiyarmu ta Gagarawa."

"Ai ba shi da iri, ɗan nan."

"Haba Baba! Ko ƙarangiya tana da iri. Ka dai ce kana tsoron in daina saye a hannunka."

Mu mutanen gero ne. A wurinmu duk abin da ya tsiro, to ƙwaya ce ta faɗi. Yayana bai yi nufin zagi ba, amma a gaban jama'a ya faɗa, har maƙwabtan rumfa suka yi dariya. Tsohon ya ɗaure mangalarsa, ya kora jakinsa, ya tafi.

Da rani ya zagayo, ayarinsu ya zo babu shi. Suka ce Haɗeja yake kai kaya yanzu. Masu tsila suka yi ta zuwa muna mayar da su. Kafin yayana ya shirya zuwa ba shi haƙuri, labarin rasuwarsa ya iso mu.

Na tambayi fatake da yawa asalin sunan bayan haka. Kowa sai ya ce haka ya taso ya ji ana kira.

Mai karatu, in ka san harshen da aka aro wannan suna, da abin da yake nufi a bakin masu shi, ka aiko mini da saƙo Gumel ta hannun masu zuwa kasuwa, tun ina da sauran ji.