Gashi da Saiwarsa

Veturia ba ta gaisawa da mutum ta saki hannunsa nan take. Sai ta juya shi ta dubi faratansa tukuna. Mu da muka girma tare da ita a ƙauyen nan mun saba.

Daga dangin marigayi mijinta abin ya samo asali. A gidansu wasu kan tashi da farce mai kauri kamar ƙaho, gashi kuma ya zube tun ba su kai ashirin ba. 'Yarta Smaranda ta tsira, amma ta ce ba za ta haihu ba sai ta san ko abin yana kwance a jininta.

Sai wata likita a birnin Kuluj ta ce in an kawo mata gashin dangin duka, za ta bi sawunsa. Ranar Veturia ko zama ba ta yi ba. A wurinmu idan yaro ya cika shekara, uban baftismarsa kan yanke masa tukku, uwa ta adana cikin kakin zuma. Gida-gida ta bi ta tara tukkayen a gwangwani, har na waɗanda suka daɗe a kabari, ta hau jirgin ƙasa da gwangwaninta tana nuna wa duk wanda ya zauna kusa.

Likitar ta buɗe, ta duba. Ta ce duk almakashi ya yanke su. Abin da take nema a saiwa yake, ɗan farin ƙullin nan da ke biyo gashi in an tsige, a can gadon yake ajiye.

Da hanzari Veturia ta dawo. Ranar Lahadi ta tare ƙofar coci.

"Kawu Pintea, cire hula."

"Ke 'yar nan, gashi guda bakwai suka rage mini."

"Biyar nake so. Ka riƙe biyu ka yi ado."

Muna dariya tsofaffi suna sunkuyar da kai. Ambulan talatin da ɗaya na tsigaggen gashi ta aika, kowanne da suna, har likitar ta rubuto cewa an kusa, saura mutum ɗaya: Gavril, wan mijin Veturia, mai kiwon tumaki a kan dutse, wanda ba ya saukowa sai sanyi ya kama.

Veturia ta ce ba za ta jira shi ba, Asabar za ta hau. Ta rubuta sunansa a ambulan, ta soya masa nama. Ba ta kai Asabar ɗin ba, ranar Alhamis muka binne ta.

Gavril yana can kan dutse. Smaranda ta cika shekara talatin da shida a bana, ba ta haihu ba.