Ranar da Na Nuna Kawuna da Alli

Zamanin En'e aka ɗauke ni malamin ajin manya a Kazaure, alhali iyakar karatuna elamantare. Baturen da ya horar da mu ya rubuta kalmar enlighten a allo. Ya ce da can ma'anarta a haskaka ɗaki, daga baya masu wa'azinsu suka mai da ita hasken da Allah yake sa wa zuciya, sannan ta koma ilimin da ke fitar da mutum daga duhu. Ta ƙarshen kawai na riƙe, kuma na ɗauka boko kaɗai take nufi.

Aka tura ni garinmu, Roni. Ranar buɗe aji kawuna ya zo taya ni murna, ya zauna a tabarmar baya. Shi ya rene ni, kuma mutum ne da ya rubuta Alƙur'ani da ka. Na miƙe a gaban dagaci na ce duk wanda bai iya boko ba a duhu yake, har na nuna kawun nawa da alli.

Ya ce, "Har da ni, ɗan nan?"

Na ce, "Har da kai, Kawu."

Aka yi dariya. Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Girman kai ya hana ni zuwa gidansa. Damina biyu ina cewa gobe, har ya rasu bayan an mai da ni aiki garin Gwiwa. Kullum ina yi masa addu'a, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, ni kuwa ban taɓa roƙonsa ba.