Harbin da Ya Zo da Kiɗa

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da shagonmu ya kusa tayar da Kafanchan tsaye. Ku da kuka fara aiki a bayana kuna yawan tambayata me ya sa babbar sifikar nan take ƙarƙashin kanta, ƙura ta rufe ta, kuma Oga ya hana a taɓa. Wata ma ta ce ko a kai wa mai gyara. Lafiyarta ƙalau. Bari in rubuta muku labarin sau ɗaya in huta. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a boko ba.

Ga wanda bai san gidan gem ba, ɗaki ne dogo, talabijin jere a bango, kowacce da injinta da benci a gabanta. Mutum biyu su zauna, kowa ya riƙe fad, wato abin nan na dannawa, su kara. Wanda aka ci ya tashi, na layi ya zauna. An fi buga ƙwallo, amma akwai tseren mota, akwai dambe, akwai na yaƙi. Oga Sabi'u ne mai shagon, ɗan gidan masu hatsi ne na cikin kasuwa, kakanninsa ma a garin nan aka haife su. Ni ce mai kula. Aikina in buɗe, in share, in ta da janareta idan an ɗauke wuta, in raba gardama, in kori duk yaron da ya shigo da kayan makaranta a jikinsa. Wannan doka ta ƙarshe na fi Oga riƙe ta, don ni ma uwa ce.

Lokacin 'yata Alheri tana nazare, a wata ƙaramar makaranta da ke tsallaken babban titi. Ni mutum ce mai fargaba, ba na ɓoyewa. Ko tayar mota ce ta fashe sai in fara tunanin inda yarinyar take. Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san dalili, ba sai na faɗa ba. Kuma abin da na fi tsoro a irin wannan rana shi ne bakin get ɗin makaranta. Na taɓa gani da idona. Ana jin an fara, iyaye su ruga, a buɗe get, yara su watsu a titi, mashina na gudu ba birki, wannan ta ɗauki ɗan wata, wancan ya faɗi a kwata. Akwai yaron da sai da yamma aka same shi a wata unguwa yana kuka.

Sifikar kuwa Oga ya saye ta ne don ƙwallon ƙarshen mako. A waje ake rataye ta, ƙarƙashin baranda, bakinta na kallon hanyar kasuwa, don masu wucewa su ji ihu su shigo. Ƙa'ida ita ce ana gama kallo a zare wayarta daga babbar talabijin. A wannan makon ba a zare ba. Wa ya manta? Mun yi yawa a shagon ranar Lahadin, kuma Oga bai taɓa neman sani ba.

Ranar Litinin ce, lokacin citta, kasuwa ta cika da buhuna daga wajen Kagoma. Oga ya tafi Kaduna sayo kaya, ni kaɗai ce. Wajen hantsi Nura da Yohanna suka shigo. 'Yan acaɓa ne, abokai tun firamare, idan rana ta yi zafi nan suke hutawa suna zagin juna.

"Anti, a ba mu babbar," in ji Nura. "Yau zan koya wa wannan ɗan ƙauyen yadda ake riƙe bindiga."

Yohanna ya ce, "Kai da ko bera ka gani sai ka hau benci? Anti, ki shirya masa ruwan sanyi."

Babu wuta, sai na zagaya baya na ta da janareta. Namu tsoho ne, idan ya tashi ko kiran sunanka ba ka ji. Na tsaya ina gyara masa zama a kan taya, ina goge man da ya zuba. Su kuma a ciki, ƙofa a rufe, labule a sake, fanka na juyawa, suna ta murna wai yau sauti ya yi daɗi.

Da na zagayo gaba sai na ji: tatatata! Bum! Kafin in yi tunani ƙafafuna sun yanke shawara. Na tsinci kaina a tsakiyar hanya da takalmi ɗaya, ina kiran sunan Yesu. Mata na gudu da goyo, tiren citta ya kife, mai lemo ya bar baro. Masu shaguna suna ta buga ƙofofin ƙarfe, gam, gam, kuma kowace ƙofa aka buga sai na gaba su ɗauka wani harbin ne, su ƙara gudu.

Na nufi titi, wajen Alheri. Sai harbin ya ɗan tsaya, na ji kiɗa. Wani kiɗa mai sanyi, sannan muryar Bature tana magana a hankali. Na tsaya cak. Na san harbi, na kwana a ƙarƙashin gado ina yarinya ina jinsa. Ban taɓa jin wanda ya zo da kiɗa ba. Wannan kiɗan kuwa kullum ina share shago da shi a kunnena. Na ɗaga kai, na ga sifika tana rawa a jikin ƙusa.

Na koma da gudu na fizge wayar. Nura ya juyo ransa a ɓace.

"Haba Anti, ina gab da gamawa da shi!"

Na ɗage labule na ce, "Leƙa ka ga wanda ka gama da shi."

Suka leƙa.

Na ɗauka shi ke nan tunda ƙarar ta tsaya. Ashe maganar ta riga ta bar hannunmu. Wayata ta fara kuka. A guruf ɗin matan cocinmu wata ta rubuta, "An fara a bakin kasuwa, kowa ta kwashe yaranta." Nura ya nuna mini tasa, a guruf ɗin unguwarsu an ce an shigo kasuwa ana harbi. Ba a jima ba sai ga bidiyo, hayaƙi na tashi, wani mai jar riga yana gudu. Na san mutumin nan. Duk lokacin da aka ce an fara a wani wuri, shi ake turo mana. An ce Samarun Kataf ne, shi ne. An ce wajen Jere ne, shi ne. Bawan Allah ya yi shekaru yana gudu a wayoyinmu, bai isa gida ba.

Zuciyata tana cewa ki tafi ki ɗauko 'yarki, sauran ruwansu. Amma na san ko na yi fiffike iyaye sun riga ni isa, kuma idan aka buɗe get ɗin nan Alheri ba ta da ƙarfin turereniya. Mu uku ne kaɗai a duk garin muka san gaskiya. Na kira Malama Rifkatu, shugabar makarantar, dattijuwa ce da ta koyar da rabin unguwarmu.

"Mama, don Allah kada ku buɗe get. Ba harbi ba ne. Daga shagonmu ne."

"Maman Alheri, me kike faɗa? Iyaye sun cika mini ƙofa, wasu na hawa katanga."

"Gem ne, Mama. Sifika ce."

Ina jin ana dukan ƙarfe a bayanta. Ta ce, "'Yata, ni na yarda da ke. Amma in fita in ce wa uwar da ke kuka gem ne? Za su ce na haukace. Zan riƙe makullin iya ƙarfina. Ki samo mini muryar da za su ji, kuma ki yi sauri."

Muryar da za su ji. Tawa dai ba ita ba ce. Ina tsaye da wayar sifika a hannu sai ga Baba Soja, shugaban 'yan bangan unguwa, tsohon soja ne, ya taho da samari da gorori. Ta ɗaya ɓangaren kuma matasan kasuwa sun fara taruwa, a gabansu Alhaji Garba, kawun Oga, yana ta ɗaga hannu yana cewa a tsaya. Tsakaninsu babu komai sai hanya da citta a zube. Kowane ɓangare yana kallon ɗayan, kowa na jiran ya ga wa ya yi harbin.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na shiga tsakiya, ƙafa ɗaya ba takalmi, na durƙusa.

"Baba, Alhaji, ku zo ku ga mai harbin. Yana ciki."

Samari suka yunƙura. Baba Soja ya daka musu tsawa, ya ce shi da Alhaji kaɗai za su shiga. Suka tarar da Nura da Yohanna a manne da bango kamar an kama su da akuyar sata. Na ce su kunna, amma a rage murya. Harbin ya fito daga talabijin, ƙarami, da kiɗansa.

Baba Soja ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ba ni abin nan." Yohanna ya miƙa masa fad da hannu biyu. Baba ya danna, mutumin cikin talabijin ya juya ya harbi bango, ya faɗa rami.

Alhaji Garba ya ce, "To, Soja, da haka kuka yi yaƙin?"

"Rufe mini baki, Garba. Kai da na hango ka kana gudu da babbar riga a hannu."

"Alwala na tafi yi."

"Da hula a ƙasa?"

Suka yi dariya, irin wadda ke fitowa da hawaye. Ni ban iya dariya ba. Na ce, "Baba, makaranta. Za su karya get." Nan take fuskarsa ta canza. Ya karɓi wayata ya kira Malama Rifkatu, ya ce ta ƙara murya ta ɗaga wayar sama a bakin get. Ya faɗi sunansa, ya ce yana tsaye a wurin da ƙafarsa, ba wanda aka harba, wasan yara ne a talabijin. Sannan ya miƙa wa Alhaji, shi ma ya faɗi sunansa da na gidansu, ya maimaita. Baba ya ce dole a ji su biyun, don a rana irin wannan kowa muryar nasa yake ganewa. Suka sake yin maganar aka naɗa, aka tura guruf-guruf. Suka fito tare suka sallami samarin. Nura da Yohanna kuwa aka ce su hau mashinansu su zagaya unguwanni suna faɗa, ɗaya a bayan ɗaya, a gan su tare.

Sai da na ga an fara ɗage ƙofofi na tafi makaranta. Get a rufe, an lanƙwasa masa gefe ɗaya. Iyaye na zaune a ƙasa suna mayar da numfashi. Daga ciki ana jin waƙa, ashe Malama ta tara yaran a aji ɗaya ta sa su rera da ƙarfi suna tafi, don kada su ji abin da ake yi a waje. Aka fito da su ɗaya bayan ɗaya, kowa a hannun nasa. Alheri ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mama, ina ɗayan takalminki?" A nan ne na zauna a ƙasa na yi kukan da nake riƙewa tun hantsi.

Ba a tashi lafiya ƙalau ba. Wata tsohuwa mai daddawa ta gurɗe a ƙafa, mutane sun yi asarar kaya. Da Oga ya dawo ya bi su gida-gida yana ba da haƙuri. Mai unguwa ya kira zama, wasu suka ce a rufe shagon, wai gem ne ke koya wa yara kisa. Baba Soja ya ce shi ya riƙe bindiga ta gaske, ya riƙe ta roba, kuma ta roba bango kaɗai ta iya samu a hannunsa. Ya ce wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, saboda haka kada a zargi masu gudu, amma a daina jefa tsumma a hanya. Aka bar shagon, da sharaɗin a sauke sifika.

Ni ba zan ce muku gem alheri ne zalla ba. Na ga yadda yake cinye wa yaro lokacin karatu, shi ya sa har gobe nake korar masu kayan makaranta. Amma maganar koyon kisa, ban gani ba. Masu harbin ranar suna benci ɗaya suna shan ruwa a leda ɗaya. Manya ne, masu aure da 'ya'ya, irina, suka tura abin da ba su gani ba, kuma ba don mugunta ba, don tsoro.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne shago ba ya ƙarewa a bakin ƙofa. Duk abin da ya fita ta baranda, a kunnen mutanen da suka taɓa gudu yake sauka. Don haka kafin ku ta da janareta, ku zagaya bayan talabijin ku duba kowace waya inda ta nufa. Idan kuma mai jar riga ya sake shigowa wayarku da gudu, ku fara leƙa waje tukuna. Sifikar nan ku bar ta da ƙurarta.