Kan 'Yata da Matar Kogon Flores

A Doha na haifi 'yata ta fari, ana tsakiyar korona, babu uwa babu ƙanwar uwa a kusa. Muna zaune a unguwar Mansura, ɗaki da falo a saman shagon wani mai wanki da guga. Maigidana gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, ni kuma ina gida.

Dokar asibitin yara a lokacin ita ce mutum ɗaya ke shiga da jariri. Duk ranar awo ni ke shiga, shi ya sauke mu a ƙofa ya wuce aiki. Wata rana likitar, 'yar Sudan mai sanyin magana, ta zagaya kan yarinyar da tef ɗin awo, ta sake zagayawa, sannan ta ce kan bai kai na sa'o'inta ba. Ta ce wani lokaci hakan ba komai ba ne, wani lokaci kuma alama ce ƙwaƙwalwa ba ta girma yadda ya kamata, sai dai a riƙa dubawa. Wai kada in tayar da hankalina. Wallahi ban san yadda na sauko daga benen asibitin nan ba.

Ni tsoro kuka yake sa ni, shi kuwa maigida bincike yake sa shi. Ya shiga waya yana neman bayani a kan ƙaramin kai, daga nan bincike ya kai shi wani tsibiri a Indonesiya mai suna Flores. A wani kogo can masu tono suka samo ƙasusuwan wata mata baliga, tsayinta bai wuce na yaron da aka fara kaiwa makaranta ba, ƙoƙon kanta ɗan mitsitsi. Masana suka yi ta rigima a kanta. Wasu suka ce mutum ce irinmu da cutar ƙaramin kai ta kama. Wasu suka ce a'a, lafiyarta ƙalau, wani jinsi ne daban da ya rayu a tsibirin ya ƙare tun dubban shekaru.

Ranar wata Juma'a, ina tuƙa tuwo, ya tsaya a bakin ƙofar kicin ya kwashe labarin ya faɗa mini. Ya ce yawancin masanan yanzu sun karkata ga cewa ba cuta ba ce, don ƙashin wuyan hannunta da doguwar ƙafarta ba irin namu ba ne. Ya ce ba kakarmu ba ce, a ganinsu reshe ne da ya rabu da namu tun can da nisa, kamar dangin da suka yi ƙaura aka daina jin labarinsu.

"Kuma an tarar da makaman dutse a kogon," in ji shi. "Da wannan ɗan kan nasu suke sassaƙa su. Kin ga ba girman kai ne hankali ba."

Na ajiye muciya. Na ce, "Malam, 'yata kake haɗawa da ƙashin kogo? Likita na maganar ƙwaƙwalwar 'yarka, kai kana can tsibiri kana raba gardamar Turawa. Fita mini daga kicin."

Ya fita. Amma bai daina karantawa ba, ni kuma ban daina jin haushi ba. Sai daga baya na gane ba ilimi yake nema ba. Wata halitta mai ƙaramin kai yake nema wadda ta yi rayuwarta daidai, ya samu abin riƙewa. A lokacin dai in na ji kalmar Flores sai raina ya ɓaci.

Haka muka yi ta tafiya. Yarinya ta zauna, ta yi rarrafe, ta kama kujera ta miƙe, amma duk awo kan yana ƙasa, likita tana cewa a ƙara dubawa.

Da gasar kofin duniya ta zo, an riga an sassauta dokokin korona, gari ya cika da baƙi da tutoci. An ba maigida hutu ranar awo, ya ce zai raka mu. Muka shiga jirgin ƙasa na metro cikin 'yan kallo masu waƙa, muka sauka tashar Al-Sadd. Wannan ne karo na farko da ya taka ɗakin likitar.

Ta amsa sallamarsa, ta dube shi, ta ƙara dubansa. Sai ta ce ko zai cire hularsa. Ya cire yana kallona. Ta ɗauki tef ɗin da take auna jarirai ta zagaya kan ƙaton mutum mai gemu, ta duba, ta yi murmushi. Ta tambaye shi ko yana samun hula daidai kansa a kasuwa. Ya ce ina, tun yana saurayi sai dai a ɗinka masa, ta kasuwa kunnuwansa take rufewa.

Likita ta sa yarinyar ta tako zuwa gare ta, ta miƙa mata ƙwallo ta karɓa, ta ce mata ina Baba ta nuna shi. Sannan ta ce, "Khalas, shi ke nan, gado ne. Kan ubanta ta ɗauko. Za mu ci gaba da awo kamar kowane yaro, amma ki kwantar da hankalinki."

Na yi shekaru ina kallon kan mutumin nan, ban taɓa ganin ƙanƙantarsa ba. Dariya ta kama ni, kuka ya biyo, likita ta miƙo mini ruwa. Shi kuwa yana zaune da hula a cinya, idonsa ya yi ja.

Da yamma na kira surukata ta bidiyo. Ban taɓa faɗa wa kowa a gida maganar kan yarinyar ba, kuma duk kiran da muka yi a baya sai na sa wa yarinyar hula tukuna. Ranar na ɗago ta haka nan, kai a buɗe. Tsohuwar ta matso da fuskarta kusa da waya ta ce, "Ikon Allah, kan gidanmu ne sak. Me ya sa kullum kike rufe mini shi?"

Na ce mata sanyin na'ura nake tsoro.